Malamin da aka bari shi kaɗai a aji

Duk sanda aka taso da maganar lalacewar firamare sai ka ji an ce malamai ba su iya ba, a kai su bita. To an kai, kwana uku a otal, a raba jaka da alawus, ran Litinin kowa ya koma ajinsa shi kenan. Ni wallahi abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne malamanmu ba sa ganin aikin juna ko kaɗan.

Matashi ya gama NCE, wato takardar shaidar malanta, an turo shi, hedimasta ya miƙa masa alli da rajista ya nuna masa aji cike maƙil, babu wanda zai ce masa zo ka zauna a bayan ajina ka ga yadda nake koyar da lissafin rabawa. Ya yi bayani yara ba su gane ba, ya sake, shiru, kafin zango ya ƙare ya yanke wa kansa hukunci cewa shi dai bai iya ba, ko ya ce yaran ne daƙiƙai. Daga nan sai rubutu a allo, a kwafa, a tashi. Kuma fa yana da ilimin, zuciyarsa ce ta karaya.

Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam, tun 1977 ya nuna cewa cikin abubuwan da ke sa mutum ya yarda zai iya har da ganin wani irinsa ya yi ya dace. Binciken TALIS, wanda ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta yi kan malaman ƙasashe da dama a 2013, shi ma haka ya gano, malaman da ke aiki tare sun fi amincewa da iyawarsu. A Japan tare suke tsara darasi, ɗaya ya koyar sauran na kallo, bayan nan a zauna a tattauna. Mu ma ai mun san wannan, alarammomi a musaffa kowa na jan nasa 'yan uwa na yi masa gyara, ba wanda ya ɗauka tozarci ne.

Matsalar ita ce tsoro. Wanda ya ga an sallami malamai sama da 21,000 a Kaduna bayan jarrabawar 2017 ba zai yi saurin cewa "ban gane wannan darasin ba" a gaban kowa ba. Don haka in malamai za su zauna su ga aikin juna, kar a haɗa wannan zama da sifeto ko ƙarin girma. A ware awa ɗaya duk mako cikin jadawali, ba bayan an tashi ba lokacin da kowa ke sauri ya tafi neman na cefane, kuma hedimasta ya fara buɗe nasa ajin a shigo a kalla.