Daɓe Ne Makarantar Ɗan Wasa, Kano Kuwa Ta Bari Ta Mutu

Kwanakin baya wasu 'yan fim suka karɓi hayar gidan maƙwabcina a Ɗorayi, suka yi kwana uku suna ɗaukar wani shiri mai dogon zango. Ran kwana na biyu na leƙa, da ma ba a raba ni da karambani. Fitowar da na tarar ba mai wuya ba ce: ɗa zai shigo ya gaya wa uwarsa an sallame shi daga aiki. Yaron kyakkyawa, shadda ta sha bugu, an ce mabiyansa a TikTok sun fi mutanen unguwarmu yawa. Sau tara ana maimaitawa. Wani yana tsugune a bayan kujera da takarda yana karanto masa magana, shi kuma yana maimaitawa kamar mai biya allo. Dattijuwar da ta fito a uwa kuwa, tun a karon farko ba ta ce uffan ba. Tsintsiyar da ke hannunta kawai ta ajiye a hankali, ta dube shi. Matar gidan da ke leƙe ta taga sai da ta kai bakin mayafi ido.

Da aka tashi cin abinci na ce mata, "Hajiya, a ina kika koyo wannan?" Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, mu a daɓe muka taso. Can in ka yi wasan ƙarya, a take za a yi maka ihu." Wasan daɓe take nufi, wato wasan kwaikwayon da ake yi kai tsaye a gaban 'yan kallo.

Tun ranar nake tuna marigayi Ƙasimu Yero, mutumin Zariya da ya rasu a Kaduna a watan Satumba na 2017. Mutanen kudu sun san shi da Uncle Gaga a shirin Cock Crow at Dawn na NTA, mu kuma mun san shi a Karambana da Magana Jari Ce. Abin da ya bambanta shi ba kyan fuska ba ne. Ya san inda zai ja numfashi, ya san lokacin da shiru ya fi magana amfani, kuma Hausarsa da Turancinsa duk suna fita tar, ko tsohuwa mai nauyin kunne ba ta cewa me ya ce. Haka Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a Nuwamban 2023: tsohon soja ne da ya kwashi Hausar bariki ya mai da ita sana'a, muryarsa kaɗai ta ishe ka a rediyo ka ga mutum tsaye da kaki. Irin wannan ba a samun sa sai wanda ya daɗe yana gwaji da maimaici, ya kuma tsaya gaban mutanen da ba sa jin kunyar nuna masa ya gundure su.

Kano ma ta nan ta bi. Kafin a san wani abu Kannywood, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne a unguwanni da makarantu. Su ne suka ciyar da NTA Kano da CTV, tashar da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a farkon shekarun 1980, wadda yau ake kira ARTV. Turmin Danya, fim ɗin 1990 da ake ƙirga shi a matsayin mafarin wannan kasuwa, aikin ƙungiyar Tumbin Giwa ne, su Ibrahim Mandawari. Wato mutanen da suka fara tsayawa gaban kyamarar bidiyo sun riga sun iya wasan, na'urar ce kawai baƙuwarsu. Yanzu abin ya juya: na'ura ta kai inda ake so, hoto garau, jirgin ɗaukar hoto na shawagi a kan gadar Ƙofar Nasarawa, amma wanda ke cikin hoton bai san yadda zai yi da hannuwansa ba.

Ko Rabilu Musa Ibro, da 'yan gayu suka riƙa yi wa kallon ɗan camama, wato mai finafinan barkwanci na araha, me ya riƙe shi a kasuwa har ya koma ga Allah a Disamban 2014? Mutumin Ɗanlasan ne, tsohon ma'aikacin gidan yari, kuma basirarsa irin ta 'yan daɓe ce: a ba shi gundarin labari, ya ƙago magana a tsaye, ya san daƙiƙar da zai saki kalma dariya ta fashe. Wannan lissafi a kunnen 'yan kallo ake koyonsa.

Na san abin da matasan daraktoci za su ce, kuma ba duka ne shirme ba. Za su ce wasan daɓe daban, na kyamara daban. Ɗan daɓe ya saba ɗaga murya da watsa hannu don na bayan fili ya gani, in aka matso da kyamara fuskarsa sai abin ya yi yawa. Gaskiya ne, mun ga dattawan da suka kasa rage wannan. Amma rage gishirin da ya yi yawa aikin darakta ne na yini guda. Wanda bai taɓa haddace shafi biyu ba, bai taɓa riƙe hali ɗaya na awa guda ba tare da an ce a yanke ba, shi me za ka rage masa? Za su kuma ce furodusa kuɗinsa ya zuba, kuma mai mabiya miliyan shi ke jawo masu kallo a YouTube. To, ya jawo su kashi na ɗaya. Shirin da zai kai kashi hamsin, wasa ne ke zaunar da mutane, shi ya sa za ka ji mata a gidan biki suna hirar tsohuwar da ta fito a uwar miji sun manta sunan jarumin.

Sai babbar magana, wadda a Kano ba a tsallake ta: tarbiyya. Akwai masu ganin duk inda aka tara jama'a kallon wasa, ɓarna ce za ta biyo baya. A 2016 irin wannan damuwa ce ta sa aka janye shirin gina dandalin fim a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji. Ba na raina damuwar. Sai dai mu tuna Malam Aminu Kano da kansa ya rubuta wasannin kwaikwayo yana zaburar da talaka, Ɗanmasanin Kano Maitama Sule kuma tun yana malamin makaranta aka san shi da harkar. Tashe ma da muka gada kaka da kakanni wasan daɓe ne, yaro ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, unguwa ta yi masa alƙalanci. Shi ma a 'yan shekarun nan an sha dakatar da shi saboda 'yan daba. Ga gidajen silima irin su Plaza da Eldorado sun zama tarihi. Wasan da ake yi da rana tsaka a gaban iyaye da malamai, ai ya fi sauƙin sa ido a kan wanda yaro ke yi shi kaɗai a ɗaki da waya.

Abin da nake nema ba ya cin biliyan. Jami'ar Bayero tana da sashen koyar da wasan kwaikwayo, Gidan Ɗan Hausa yana da fili, makarantun sakandare suna da ɗakunan taro da ke kulle daga Juma'a zuwa Litinin. A dawo da gasar wasan kwaikwayo tsakanin makarantu, a sa ƙungiyoyin 'yan fim su riƙa shirya wasa ko sau ɗaya a wata, a sayar da tikiti, a ɗauko dattawan nan su koyar a biya su. Wannan ya fi mutunci a kan abin da muka saba, wato a bar tsohon ɗan wasa sai ciwo ya kwantar da shi, sannan a ɗauki bidiyonsa a kan tabarma a liƙa lambar asusun banki a ƙasa.

Dattijuwar nan ta Ɗorayi, da aka gama aikin ranar, ita ta tsayar da adaidaita sahu da kanta a bakin titi, tana ciniki a kan kuɗin zuwa Kurna. Yaron kuwa sai da aka yi karo na goma sha ɗaya kafin darakta ya haƙura ya ce za a gyara muryar a situdiyo.