Mamaci ba janareto ba ne

Jiya a wani zaurenmu na WhatsApp aka sanar da rasuwar wani dattijo. Wani ya rubuto ta'aziyya da Turanci, ya ce wannan rashi unrepairable ne. Na yi wa mamacin addu'a, amma kalmar ta tsaya mini a wuya. Haba malam, janareto ne ya mutu?

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, Turanci ne ya raba abu ɗaya gida biyu. Repairable ta bakin makanikai ce: abin da za a kwance, a sauya masa kaya, a ɗaure ya tashi. Fanka, keken ɗinki, waya. Wajen faɗa, a kan "pair" ake danna murya. Sai 'yar uwarta reparable, mai asali da Latin, ita a kan "rep" ake dannawa, kuma ba ruwanta da sukundireba. Tata ita ce ɓarna, asara, zubewar mutunci. Da wuya ma ka ji ta a bakin mutane, kishiyarta irreparable ce ta yi suna. Lauya in yana roƙon kotu ta dakatar da rusa gida kafin a gama shari'a, da ita yake kafa hujja, wato in an rusa, kuɗi ba za su mayar ba. Ita ɗan uwanmu yake nema bai samu ba.

Mu kam ba mu da wannan wahala. Wasalin "u" ɗaya ya ishe mu. Ka miƙa wa mai gyara wayar da ta faɗa bokiti, ka ce, "Za ta gyaru?" Ya juya ta, ya hura, ya ce sai an buɗe. Da bakin nan dai za ka ce aurensu ba ya gyaruwa, ko rigar ba ta ɗinkuwa.

Ni dai repairable na fi ƙauna, don tana taɓa aljihu. A Janairun 2021 Faransa ta tilasta a riƙa liƙa wa wayoyi da talabijin maki, daga cikin 10, na sauƙin gyaransu, mai saye ya gani kafin ya biya. Tawa wayar, da mai gyara ya ga batirin manne da gam, tsaki kawai ya ja, ya ɗauko na'urar hura zafi.