Wanda likita bai duba ba, wa ya ce lafiyarsa ƙalau?

Wani jadawali da ke yawo a zaurukan WhatsApp na ɗaliban kimiyya a Kano ya ishe ni. An jera kifin shak da dodon koɗin teku marar kwanso, aka rubuta wai shak na cikin haɗari, shi kuwa dodon koɗin "ba shi da matsala". Daga ina aka samo wannan?

Tun a asali ma ba dangi ba ne. Shak yana cikin masu ƙashin baya, ajin Chondrichthyes, ƙashin jikinsa guringuntsi ne, kuma jinsinsa ya haura 500. Ɗayan kuwa ɗan uwan katantanwar da ke fitowa da damina ne, ajin Gastropoda. A cikin dodon koɗin teku, rukunin Nudibranchia kaɗai ya kai jinsi 3,000.

Halin da shak ke ciki sananne ne domin an zauna an ƙirga. Ƙididdigar 2021 ta IUCN, ƙungiyar duniya mai tantance halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa, ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na shak da danginsa na fuskantar ƙarewa. Ba ya balaga da wuri, 'ya'yan da yake haifa kaɗan ne, ga masunta na farautarsa saboda fiffike. Shi ya sa taron CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, da aka yi a Panama a 2022 ya tsaurara cinikin jinsuna da dama.

Dodon koɗin fa? A jerin IUCN, mafi yawansu suna matakin "ba a tantance ba". Ɗaya daga cikin ka'idojin IUCN tana neman a nuna yadda yawan halitta ya ragu cikin shekara 10 ko zuriya uku. To, yaya za ka ƙirga abin da wani bai wuce santimita 3 ba, bai cika yin shekara ɗaya a duniya ba, yau a gan shi, gobe ya ɓace? Da yawansu abinci iri ɗaya tak suke ci, kamar wani soson teku. Ruwa ya ɗumama, soson ya mutu, su bi shi, babu mai labari.

Masu cewa mu Kanawa ina ruwanmu da teku, su tambayi mai sayar da kifin sanyi a Sabon Gari inda kayansa ke fitowa.

Malamai su koya wa yara matakan IUCN guda tara, su bambance "ba a tantance ba" da "bayanai ba su isa ba" da "babu fargaba". Ɗalibin da ya cakuɗa ukun nan a jarrabawa, a ba shi sifili.