"Ai gini ne kawai"? Ku kuka gina shi?

Tun da hoton nan na cocin St. Adalbert da ke Shikago ya sake yawo, wanda ake fitar da mutum-mutumin Pieta (Maryamu riƙe da gawar Yesu) daga cocin da aka rufe, 'yan sanda suna tsaye, na ga masu hikima sun cika wuri da "ai gini ne kawai, Allah ba ya cikin bulo". To madalla, malamai. Mun gode da wannan karatu.

Gini ne kawai ga wanda bai zuba gumi a ciki ba. 'Yan Poland da suka kafa wannan majami'a ta Katolika a 1874 ba attajirai ba ne. Leburori ne na masana'antu da mahauta da wuraren yankan katako, mutanen da ba su iya Turanci ba. Daga ɗan abin da suke samu a mako suka riƙa tsakura har aka gama ginin da ake gani yanzu a 1914. Kuma ku duba shekarar da kyau. A lokacin babu wata ƙasa mai suna Poland a taswira, Rasha da Prussia (daular Jamusawa) da Ostiriya sun yanka ta sun raba tun 1795. Shi ya sa suka zana tarihinsu a bango: ga ɗaurin auren Sarauniya Jadwiga ta Poland da Jagiello, ga hoton Maryamu ta Czestochowa, wani gari a Poland. Abin da aka hana su a gida, nan suka ajiye shi.

Kuma ba rumfa suka kafa ba. Mai zanen gine-gine Henry Schlacks suka ɗauko ya zana musu, ya kwaikwayi tsarin babban cocin Bulus da ke bayan ganuwar birnin Rum: dogon zaure, ginshiƙai a jere, marmara, da hasumiya biyu masu tsawon ƙafa 185. Lebura ya yi wannan da albashinsa, sannan a 2016 aka sanar za a rufe, aka yi sujada ta ƙarshe a Yulin 2019.

Na san amsar, na haddace ta. Masu zuwa sun ragu, gyaran hasumiya zai ci miliyoyin dala. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma kakannin nan da suka gina shi kuɗi suke da shi? Da sun yi irin wannan lissafin, ko tubali ɗaya ba za a aza ba.

Wai kuma 'yan Poland sun bar unguwar. Sun bari, 'yan Meziko suka shigo, suka sa hoton Maryamu ta Guadalupe da ake girmamawa a ƙasarsu, suka ci gaba da ibada da Sifaniyanci. Da aka zo ɗauke Pieta a Nuwamban 2022, jikokin 'yan Poland da 'yan Meziko ne suka tsaya tare, wasu sun yi makonni suna gadi a waje cikin sanyin Shikago, har aka kama mutum biyar. Wallahi wannan ya taɓa ni. Ba wanda ke kwana a titi saboda bulo.

Masu cewa "kai me ya haɗa ka da coci", ku huta. Maganar haƙƙin talakan da ya gina abu nake, ba tauhidi ba.

Af, wani abin dariya. Unguwar sunanta Pilsen, daga birnin Plzen na ƙasar Cek, don 'yan Cek ne suka raɗa mata suna. Shi kansa Adalbert ɗin, wanda 'yan Poland ke kira Wojciech, Bishop ɗin Prag ne, babban birnin Cek, aka kashe shi a 997 wajen wa'azi. Wato waliyyin ma baƙo ne. Ku gaya min, 'yan Cek suna jin haushin 'yan Poland sun ƙwace musu shi kuwa?