Barangaroo: An Gyara Gaɓar Teku, An Share Sawun Leburori

Jama'a, duk wanda zai mayar da tsohuwar tashar jiragen ruwa wurin shaƙatawa, ya kamata ya fara nazarin Barangaroo da ke birnin Sydney a Ostiraliya. Akwai abin koyi a wurin, akwai kuma abin da har yau yake ci mini rai.

A da fili ne na kankare tsagwaronsa, inda ake sauke kwantena. Da harkar ta koma tashar Port Botany da ke kudancin birnin, sai aka ware kimanin hekta 6 a ɓangaren arewa, aka mayar da wurin lambun shaƙatawa, aka buɗe shi a 2015. Peter Walker, ƙwararren mai tsara filaye daga Amurka, shi ya jagoranci zanen, tsohon Firaminista Paul Keating kuma ya tsaya kai da fata sai an dawo da siffar gaɓar kamar yadda take kafin 1836.

Aikin kam ya yi kyau, ba na musu. Maimakon miƙaƙƙiyar katangar siminti, sai suka sassaƙa duwatsu kusan 10,000, yawancinsu daga ƙarƙashin filin aka haƙo su, aka jera su hawa-hawa har cikin ruwa. Idan teku ta ciko ta rufe na ƙasa, idan ta janye ta bar ƙananan tafkuna a tsakaninsu, yaro ya sauka ya taɓa ruwa da hannunsa. Ramin da aka bari wajen haƙar dutsen ma bai tafi a banza ba, an rufa shi ya zama babban zauren taro, aka yi tudu a kansa. An dasa tsirrai sama da 75,000, kusan duk 'yan asalin yankin. Sunan wurin kuwa na wata mace ce daga 'yan asalin ƙasar, wadda ta ga zuwan Turawa a 1788. Wannan karramawa ta dace.

To amma ina leburorin? Titin Hickson da ke bayan wurin, a shekarun 1930 lokacin karayar tattalin arzikin duniya, nan 'yan dako suke bi daga wannan mashiga zuwa waccan suna neman aikin yini, da yawa su koma gida hannu rabbana. Su suka sa wa titin suna Hungry Mile saboda yunwar da suka sha. Fiye da shekara ɗari gumin talakawa ne ya riƙe wannan gaɓa, amma mai yawo a lambun yau da kyar zai gane an taɓa ɗaukar kaya a nan. Hasumiyar kula da shige da ficen jirage, wadda aka gina a 1974, ita ma an rushe ta bayan buɗe lambun, wai ba ta dace da tsarin ba.

Abin da ya fi zafi ya faru a Millers Point, unguwar da ke maƙwabtaka da lambun. A 2014 gwamnatin jihar New South Wales, inda Sydney take, ta sanar za ta sayar da gidajen gwamnati kusan 300 na unguwar, waɗanda da yawa jikokin leburorin tashar ne ke ciki. Aka kwashe mazauna, masu kuɗi suka saye gidajen. A kudancin filin kuma, wurin da tun farko aka ce na jama'a ne, yanzu benen otal da gidan caca na Crown ne a tsaye, mai tsawon mita 271, mafi tsawo a birnin.

Ni da za a tambaye ni, da an bar hasumiyar nan da ko ƙugiyar ɗaga kaya guda ɗaya, kuma da sharaɗin farko na aikin shi ne mutanen Millers Point su zauna a gidajensu.