Ibadan ko Kano: Inda Nake So Ɗan Wana Ya Karanta Likitanci

A ɗakin shan shayi na asibitin da nake aiki a Manchesta, wani babban likitan ƙoda, Bature mai furfura da ba ya yawan magana, ya ba mu labarin 'yarsa a taƙaice, kuma labarin ya tsaya mini a rai. Jami'ar Kambirij ta ba yarinyar gurbin karatun likitanci, jami'ar Manchesta ma ta ba ta, sai ta zaɓi ta Manchesta domin ta riƙa kwana a gidan iyayenta, ta kuma riƙa leƙa kakarta wadda tafiya ta fara gagara. Uban ya faɗi maganar babu alamar nadama a fuskarsa, ya ce ko ina ta je likita za ta zama, sannan ya aje kofinsa ya koma duba marasa lafiya.

Sai mutum ya san abin da yarinyar ta bari kafin ya gane nauyin wannan zaɓi. Kambirij ta kafu tun 1209, tana da kwalejoji 31, wasunsu tsofaffin gine-ginen dutse ne masu farfajiyar ciyawa da ba a barin ɗalibi ya taka, ga kogi yana ratsa bayansu, ɗalibai suna tura kwalekwale da doguwar sanda. A wasu darare sukan saka baƙar riga mai faɗin hannu su ci abinci a dogon zaure, ƙarƙashin hotunan magabatan kwalejin, bayan an yi addu'a da harshen Latin. Kowane mako malami ɗaya yakan zauna da ɗalibai biyu ko uku ya bi aikinsu dalla-dalla. Karatun shekara shida ne, uku na farko a kan kimiyyar jikin ɗan'adam, ukun ƙarshe a asibitin Addenbrooke's da sauran asibitocin yankin. Shigarta kuwa ba wasa ba ce: mai neman likitanci a Ingila makarantu huɗu kacal aka yarda ya nema, a tsakiyar Oktoba ake rufe karɓar takardu, ba a haɗa Oksfod da Kambirij a shekara guda, kuma bayan jarrabawar UCAT, wadda ake tantance masu neman likitanci da ita, sai an yi masa tambayoyi baki da baki.

Kwanciyar hankalin uban tana da dalili. Ɗalibi ɗan ƙasar fam 9,535 ya biya a shekarar karatu ta 2025, ko a Kambirij yake ko a Manchesta. Hukumar likitoci ɗaya ce, GMC, take sa ido a kan makarantun duka, kuma yanzu jarrabawar samun lasisi guda ce ga kowa. Idan an gama, kowa zai yi shekara biyu na horon farko, kuma tun daga 2024 kwamfuta ce take ba kowane sabon likita lambar layi wajen rabon wuraren aiki, ba a duba sunan makarantarsa, ba a ma duba makinsa.

Ana cikin haka sai ga wayar yayana daga Kano. Ɗansa na fari zai cike takardar JAMB, yaron yana da ƙoƙari ƙwarai, kuma gida ya rabu biyu a kan jami'ar da zai saka a zaɓin farko. Yaron da mahaifiyarsa Jami'ar Bayero suke so, Yaya kuwa ya kafe a kan Ibadan. Ya ce mini, “Kai ma ka sani, wanda ya fito daga Ibadan ko a Turai sai an miƙe masa, ai ba za ka haɗa ta da ta gida ba.” Na ce masa, “Yaya, ni fa ta gidan na yi, kuma daga Turan nake yi maka magana.” Ya yi shiru, ya ce ba haka yake nufi ba. Na san ba da niyyar cin fuska ya faɗa ba, amma maganar ta yi mini zafi, domin irinta na sha ji daga mutanenmu, masu ganin duk abin da yake kusa da ƙofar gidansu ba zai yi albarka ba.

Ba na musun darajar Ibadan. An kafa ta a 1948, asibitin koyarwarta ya buɗe a 1957, ita ce uwar karatun likitanci na jami'a a Najeriya, kuma tsofaffin ɗalibanta sun bazu a manyan asibitocin duniya, suna jan hannun na bayansu. Gaskiya ne kuma yaron da ya bar gida yakan koyi zama da mutane, yakan kuma tsira daga aike da biki da suna da zaman makoki, waɗanda suke cinye lokacin ɗalibin da yake kwana a cikin birni. Sai dai Ibadan da Bayero duka jami'o'in tarayya ne, hukumar likitocin Najeriya, MDCN, ɗaya ce take tantance su, shekara shida ake yi a kowacce, sannan shekarar horo a asibiti da ta bautar ƙasa. Yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 bai bar ɗaya ya kama ɗaya ba. Wanda kuma yake mafarkin zuwa Ingila, jarrabawar PLAB ta tantance likitocin da suka yi karatu a waje zai zauna, wadda ake yin kashi na biyu nata a nan Manchesta, kuma mai ba da maki ba ruwansa da garin da mutum ya yi karatu, yadda ya tambayi mara lafiya da yadda ya duba shi kawai yake kallo.

A nan ne nake ganin Kano ta fi wa ɗan Kano, kuma fifikon ba kaɗan ba ne. Rabin karatun likita a bakin gado ake yin sa, kuma mafi yawan cututtuka daga labarin da mara lafiya ya bayar ake fara gano su. Ɗalibin da ya tsaya a gaban tsohuwa a Asibitin Malam Aminu Kano yana jin abin da ta faɗa da abin da ta ɓoye. Ya san matar da ta sunkuyar da kai ta ƙi faɗin sunan yaron da ta kawo, ɗan farinta ne, don haka sai ya juya ya tambayi 'yar rakiya. Ya san idan jariri ya zo da zazzaɓi a makon suna, dole a tambaya ko wanzami ya cire masa belu. Idan mai jego ta zo ƙafafunta a kumbure, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, ya san zai tambayi wankan jego da kunun kanwa, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciyar masu jego a ƙasar Hausa, kuma har yau likitocin zuciya na Kano suna cikin waɗanda ake karanta bincikensu a kan wannan cuta. Yaron nan idan ya je Ibadan, mafi yawan marasa lafiyarsa da Yarabanci za su yi masa bayani, zai daɗe yana dogara da abokin karatu ya fassara masa, a daidai shekarun da ya kamata kunnensa ya goge. Kano kuwa ga Asibitin Murtala da cunkosonsa, ga Hasiya Bayero na yara, ga Asibitin Ƙashi na Dala, babu irin cutar da ɗalibi mai himma ba zai gani da idonsa ba kafin ya gama.

Akwai kuma maganar kuɗi da hanya, wadda Yaya yake wucewa da sauri duk lokacin da na ɗago ta. Daga Kano zuwa Ibadan tafiyar yini ce cur, wani lokacin har a kai dare, a kan hanyoyin da kowa ya san halin da suke ciki, kuma shekara shida na kuɗin mota da ɗaki da abinci ba ƙaramin kaya ba ne a kan ɗan kasuwar da yake da wasu 'ya'yan a makaranta.

Abin da ya fi damuna, wanda ban iya faɗa masa a waya ba, shi ne Hajiyarmu. Tana da hawan jini da ciwon suga, kuma ɗanta likita yana wata ƙasa yana duba iyayen wasu. Idan jikinta ya motsa da dare, hoton takardar magani ake turo mini ta WhatsApp, in yi ta ƙura masa ido ina tambayar ko an auna jininta, ko ta ci abinci, ko ƙafar ta ƙara kumbura, alhali da ina kusa hannu kawai zan sa in sani. Duk abin da na iya, a irin wannan dare bai kai amfanin jikan da zai zauna kusa da ita da abin awo a hannunsa ba. Na ga yadda tafiyar take farawa: yaro ya tafi karatu nesa, ya saba da can, ya yi horonsa a can, ya sami abokan da duk hankalinsu yana waje, daga nan sai dai a gan shi da sallah, daga baya sallar ma sai a waya. Wanda ya yi karatunsa a Kano ma yana iya tafiya, ga ni nan shaida, amma aƙalla gida ya mori shekarunsa shida, kuma malamansa da abokan aikinsa suna garin da zai iya komawa ya tarar da gurbi.

Na kira yaron da kansa na tambaye shi abin da yake so, ya ce, “Baffa, ni dai Bayero nake so, amma ba na son Abba ya ga kamar tsoron nesa nake yi.” Na ce masa ya bar mini maganar Abbansa, kuma na riga na roƙi Hajiya ta sa baki kafin a rufe rajista.