Kuɗin da ake yankewa a albashin ɗalibanmu na waje, da lissafin da iyaye ke yi a Agege

Duk wanda ke zama da 'yan canjin titin Allen ko majalisun Agege a Legas ya san wannan lissafin, yaro ya tafi karatu Ingila ko Jamus, an ce yana aikin awa 20 a sati, sai baba ya ɗauko kalkuleta ya buga awa sau fam sau naira, shikenan ya yanke hukuncin nawa za a riƙa turowa gida duk wata. Ba wanda ke tambayar me ake cirewa kafin kuɗin su shigo hannu.

A Ingila abin da sauƙi lokacin karatu. Inshorar ƙasa, wato kuɗin fansho da tallafin gwamnati da ake cirewa a albashi, kashi 8 ne cikin 100, kuma sai abin da ya haura fam 242 a sati, to mafi ƙarancin albashi a 2025 ga mai shekara 21 zuwa sama fam 12.21 ne a awa, kun ga awa 20 da ƙyar ta tsallake layin. Sai an yi hutu yaro ya koma cikakken aiki yankan ke fitowa sosai, kuma wannan kuɗin kam ya tafi, don fansho a can sai ka yi shekara 10 kana biya, ga fam 776 na lafiya da ya riga ya biya duk shekara tun wajen biza.

Jamus ce mutanenmu ke tafka asara ba su sani ba. Ɗalibin da bai wuce awa 20 ba an ɗauke masa inshorar rashin aiki da makamantanta, amma fansho galibi dole, har zuwa kashi 9.3 daga albashinsa. Abin da ejan ɗin tafiya karatu ba zai faɗa maka ba shi ne, in ka dawo Najeriya ka yi wata 24, kana da damar cike fom ka nemi a maido maka kason fanshon da ka biya da kanka. Yuro ne fa, a canjin yau! Amma sai ka ga yaro ya dawo ya watsar da takardun albashi da lambar inshorarsa wai ai an gama.

Ni abin da ya fi damuna shi ne matsin gida. Waya safe da yamma, kuɗin haya ya ƙare, ƙanwarka za ta yi aure, shi ke sa yaro ya gudu aikin bayan fage inda ake biya hannu da hannu ba yanka ba takarda, ya zarce awanninsa. Ranar da aka kama shi bizar ce za ta tafi, da duk miliyoyin da aka sayar da fili aka tara. Don Allah Alhaji, kafin ka ce a turo, ce masa ya ɗauko hoton takardar albashin ku duba tare.